Rabon 'Yar Maraƙa

"Tsaya, Inna, tsaya! Ai ba ki gama ba."

"Na gama mana," in ji Inna Delu. Ta zare ƙwaryar daga tsakanin gwiwoyinta, ta hure kumfar da ta taso a kan madarar. "Ke ce mai tatsar ko ni ce?"

Zuliha ta tattare zanenta ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin farar saniyar. Kan nono biyu na gaba sun saki, sun yi laushi kamar tsumma. Biyun baya kuwa suna nan cike, har wani sheƙi suke yi a hasken safiya.

"Ga biyu can ko taɓa su ba ki yi ba."

"Na 'yarta ne." Tsohuwar ta miƙa hannu ta kwance igiyar 'yar maraƙar da ke ta fizge-fizge a turke. 'Yar ta ruga da gudu, ta tunkuyi hantsar uwarta, ta kama, wutsiyarta na kaɗawa.

"Amma waccan jar da kika tatsa ɗazu, guda ɗaya kawai kika bari."

"Waccan namiji ta haifa. Namiji ina za shi? Kasuwar Zinder za shi, daga can sai tukunyar wani. Wannan kuwa mace ce, 'yar nan, ita ce garken gobe. Mace biyu, namiji ɗaya. Haka na ga uwata tana yi, ita ma haka ta ga tata." Ta dubi Zuliha ta gefen ido. "Me ya faru? Kin yi tsuru kamar wadda ta taka maciji."

Bik ɗin rubutun da Zuliha take riƙe da shi ya suɓuce ya faɗa cikin kashin shanu, ba ta ma lura ba.

Shekara biyu ke nan tana aikin kundin doktoranta a wata cibiyar binciken kiwo da ke bakin garin Zinder, a ƙarƙashin Farfesa Ari Kassim. Ba da gangan aka haɗa ta da shi ba, ita ta nema, ta yi ta sintiri a ƙofar biro ɗinsa, wato ofishinsa, har ya karɓe ta. Tun tana ɗaliba a Yamai ta fara cin karo da sunansa. Wata rana tana karanta wani ƙaton littafin da aka buga a ƙasar Holan kan cimar shanun madara, sai idonta ya sauka a kan suna ɗaya a ƙasan shafi, a gefensa an rubuta Droum. Droum dai da ta sani, mai gero da albasa, inda goggonta ta yi aure. A wurin ta kifa kai a kan teburin ta yi kuka, ɗaliban da ke kusa suka zaci rasuwa aka yi mata.

Takarda ce guda, shafi tara, da ya wallafa shekara ashirin da suka wuce. Ya ɗauki shanu goma sha biyu a gidan wannan Inna Delun, ya raba su gida biyu. Shida ya ba su harawa da dusa kamar kullum. Shida ya ƙara musu da niƙaƙƙun 'ya'yan gawo. Bayan wata shida ya rubuta cewa madarar masu cin gawo ta ƙaru da kusan rabi. A duniyar masu bincike kuwa, darajar mutum tana ga yawan waɗanda suka jingina da aikinsa, suka kira sunansa a cikin nasu rubutun. Akwai shafi a intanet da ke ƙirga wannan ambato, kuma Zuliha takan buɗe shi kowace Litinin kamar mai duba lafiyar ɗan uwa. Sau ɗari huɗu da tamanin da bakwai. Daga Indiya, daga Kenya, daga Brazil, mutanen da ba su taɓa tsayawa a inuwar gawo ba suna rubuta sunan wani Babarbaren Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da girmamawa.

Aikin Zuliha shi ne ta maimaita gwajin, da shanu sittin, a garken cibiyar, inda ake tatse saniya ƙarƙaf a auna, sa'an nan a ba maruƙa nasu a bokiti. Ta yi sau ɗaya, ƙarin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Ta sake, haka. Ta sake na uku, haka dai. Duk lokacin da ta kai masa sakamakon, sai Farfesa ya gyara tabarau, ya ce cikin taushin murya, "Ki duba ma'auninki, 'yata." Ta duba ma'auni, ta canza ma'auni, ta canza buhun gawo, ta kai ga zargin idonta. Saura wata biyu ta kare kundin a gaban malamai, kuma ba za ta shiga ɗakin ba sai da sa hannunsa. Shi ya sa yau da sassafe ta zo gidan Inna Delu a Droum a karon farko da kanta, ta ga inda aka yi abin da ita ta kasa.

"Inna," ta ce, "lokacin da Farfesa Ari ya yi aiki a nan, ta yaya ya raba shanun?"

"Babarbaren nan? Shi ya raba ko ni? Yadda ya same su ya bar su. Masu 'ya'ya mata ina ɗaure su nan ƙofar ɗakina, inda idona yake. Masu maza can bakin danga. To, amalanke a bakin danga take sauke masa buhunan gawo, shi kuma ga shi siriri kamar karan dawa, ina zai iya jan buhu har nan? Sai ya ba na kusa."

Zuliha ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, gefunansa duk sun cinye. Nasa ne, na wancan gwajin. Ranar da ya karɓe ta ya danƙa mata shi, ya ce ta riƙe shi amana. Ta karanta shi ya fi sau ashirin, amma lambobin madara kawai take bi. Yanzu ta duba gefen shafin farko, inda ya jera sunayen shanun da ƙananan haruffansa masu kyau, kowace da abin da ta haifa. Masu cin gawo: biyar maza, ɗaya mace. Sauran shidan: biyar mata, ɗaya namiji.

Ashe ba gawo kaɗai ya cika ƙwaryar ba. Hannun Inna Delu ne, mai tatsar uku a can, biyu a nan.

Mahamud yana jiranta a waje, zaune a kan moto, babur ɗinsa, yana shan furar da aka kawo masa. Baduku ne, shagonsa na cikin Birni, kuma shekara uku ke nan da aka sa musu rana, ana ɗagawa, don ta ce sai ta gama. Ya ga fuskarta, ya ajiye ludayin, ya tayar da moto. Sai da suka yi nisa, suka bar rairayin Droum a baya, ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Ya tsaya a ƙarƙashin wani babban gawo. Zafin bazara ya ƙone komai a filin, itacen nan kaɗai ne kore shar, 'ya'yansa jajaye a murɗe sun zubo, awaki na tsinta.

Ta faɗa masa duka, tana yi tana share ido da bakin mayafi.

"To, bari in gane," in ji Mahamud. "Ke ce da gaskiya?"

"Ni ce."

"Shekara biyu kina hana ni barci da zancen ma'auni, ashe ke ce da gaskiya, kuma kuka kike yi? Da kin yi kuskure me za ki yi, ki faɗa rijiya?"

"Ba ka gane ba. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. An gama shirin sa wa sabon labo, ɗakin gwaje-gwajen cibiya, sunansa, har an buga katin gayyata. Duk a kan wannan takardar. Ni ce zan je in ce masa, Baba, abin da duniya ta san ka da shi rabon 'yar maraƙa ne?"

Mahamud ya tsinci ɗan gawo guda, yana juya shi a hannu. "Ki yi shiru mana. Ki rubuta cewa shanun cibiya ne ba su da kirki. Ya sa hannu, ki zama dokta, a ɗaura mana aure. Takalman amarcin da na ɗinka miki, Zuli, duk Juma'a sai na shafa musu mai don kada su tsage. Man ya kusa ƙarewa, ni ma na kusa."

Ta yi dariya cikin hawaye, sa'an nan ta dube shi sosai. "Da gaske kake?"

"Rabi." Ya jefar da ɗan gawon. "In kin yi shirun, zan aure ki. Amma na san ki. Duk Litinin za ki buɗe shafin nan naki, lamba ta ƙaru, ke kuma ki rame. Hau mu tafi. Ina za mu, gida ko Birni?"

"Birni."

Mota ba ta shiga lungun Farfesa, moto ma da ƙyar, saboda rairayi. A bakin ganuwa suka ajiye shi, Mahamud ya ce yana shago, ita ta taka da ƙafa. Ta wuce gidajen ƙasa masu zane a goshi, ta wuce masu jima da ƙamshin bagaruwarsu. Bayan la'asar ne. Ya Fanta, matar Farfesa, ta tare ta a tsakar gida da "Wushe, wushe, 'yar gida," ta kama hannunta ta ce ta rame, ta rantse ba za ta fita ba sai ta ci wani abu.

Farfesa yana zaure a kan tabarma, da farar jallabiya, butar shayi a gefe, katunan gayyata a gabansa yana rubuta sunaye a bayan ambulan. Ya tsufa, amma har yanzu siririn nan ne, mai dogayen yatsu da tsagen Barebari a kumatu. Mutum ne da bai taɓa zuwa aji a makare ba. Ya taɓa kwana uku a garke saboda saniya guda mai wahalar haihuwa, kuma shi ya koya wa Zuliha cewa ba a goge lamba a kaye, sai dai a ja mata layi ɗaya a rubuta dalili.

"Ga naki nan," ya ce yana miƙa mata kati. "Na rubuta har da badukun. Ɗari huɗu da tamanin da takwas yau, kin gani? Wani ne daga Masar."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a cinya. Ta durƙusa sosai.

"Baba, daga Droum nake."

Ba ta san yadda ta faɗa ba. Ta dai san ta fara da farar saniya, ta bi ta bakin danga da amalanke, ta ƙare da buɗe shuɗin kayen a gabansa, yatsanta a kan gefen shafin. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Tabarmar kawai take kallo, da wata tururuwa da ke jan ƙwayar sukari.

Ya ɗauki kayen. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallon shafin nan guda, har shayin ya huce, har inuwar ƙofa ta matsa daga ƙafarsa zuwa bango.

"Wa kika faɗa wa?"

"Babu kowa sai Mahamud."

"Hm." Ya rufe kayen, bai mayar mata ba, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa. "Gobe bayan asuba ki ɗauko ma'aunin rataye na labo, da buhu mai ƙarfi, da igiya. Ki gaya wa direba Droum za mu." Ya ɗauki bik ya ci gaba da rubutu a bayan ambulan, bai sake dubanta ba.

Ta fito ba ta ko yi wa Ya Fanta sallama ba. A ranta ta gama sallama da komai, da kundin, da sa hannun, da kalmar nan 'yata da ta fi mata kowace takardar shaida.

Washegari rana ba ta gama fitowa ba suka isa. A hanya carbi kawai Farfesa yake ja. Mahamud ya biyo su a moto, wai ko za a buƙaci mai ɗaga kaya. Inna Delu na fitowa da ƙwarya ta hango wanda ke saukowa daga mota, ta dafe ƙirji.

"La ilaha! Babarbare, kana da rai? Shekara ashirin! Ka sha furata wata shida ka gudu, ko goro."

"Ɓarauniyar madara," in ji Farfesa, karon farko da murmushi ya taɓa fuskarsa tun jiya. "Yau na zo kama ki."

"Kama ni? Da wane ƙarfin? Har yanzu iska na iya ɗaukar ka."

Ya sa aka rataya ma'aunin a reshen bedi. Ya ce ta yi tatsarta yadda ta saba, kada ta canza komai. Kafin a saki kowane ɗan maraƙi, sai Mahamud ya rungume shi ya sa a buhu, a rataya, a karanta nauyinsa. In ya gama tsotso, a sake ratayawa. Abin da ya ƙaru, shi ne madarar da ba ta taɓa shiga ƙwarya ba. Maruƙan suka yi ta harbe-harbe, ɗaya ya sami Mahamud a haƙarƙari, Inna Delu ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa ango zai shiga ɗaki a karkace.

Farfesa da kansa yake karanta ma'aunin. Ya ɗage kai, ya matse ido, ya faɗi lamba da ƙarfi, Zuliha ta rubuta. 'Yar farar saniya ta ƙaru da kilo ɗaya da 'yan kai. Ɗan jar saniya, rabin kilo. Ta gaba mace, kilo ɗaya. Na gaba namiji, rabi bai cika ba. Haka har shanu takwas.

Da aka gama ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya ciro shuɗin kayen daga aljihu. Ya karɓi bik a hannun Zuliha. Ya bi tsofaffin lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, yana mayar wa kowace saniya abin da ɗanta ya sha, leɓunansa na motsi. Inna Delu tana tsaye da ƙwarya a hannu.

Ya ja layi a ƙasa. Ya kalli abin da ya fito.

"Kashi ɗaya cikin goma," ya ce a hankali. Ya ɗago ya dubi tsohuwar. "Delu, don Allah, me ya hana ki gaya mini?"

"Ka tambaya? Kullum ka zo da kayenka ka tsuguna, idonka a kan ƙwarya kamar mage. Ko sau ɗaya ba ka kalli hannuna ba. Na zaci ka sani. Wane ne bai san mace biyu namiji ɗaya ba?"

"Mutum ɗari huɗu da tamanin da takwas," in ji Farfesa. "Da ni, da tara."

Sai ya fashe da dariya. Dariya ta gaske, har tabarau ya zame masa, har ya share ido da hannun riga, kuma Zuliha ba ta iya rabe ko duka hawayen na dariya ne ba. Ba ta taɓa ganin mutum ya riƙe aikin rayuwarsa a hannu, ya ga tsagar da ke jikinsa, ya kuma ƙi kau da kai ba. A Yamai ta so sunansa ne a ƙasan shafi. Wanda take gani yanzu, zaune a kan turmi da kashin shanu a takalmi, ya fi wancan nesa ba kusa ba.

"Zuliha."

"Na'am, Baba."

"Matso. Sau nawa na ce ki duba ma'auninki?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga jiya. Sau bakwai. Sau bakwai kina kawo mini gaskiya har biro, ina mayar da ke da ita." Ya buɗe shafin ƙarshe na kayen, inda ya rubuta sakamakonsa shekara ashirin da suka wuce. Bai goge ba. Ya ja masa layi ɗaya, miƙaƙƙe, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta dalili a gefe. "Ki yafe mini, 'yata."

Kalmar ta same ta a tsakiyar ƙirji. Ta durƙushe a rairayin, ta rufe fuska da mayafi.

"Baba, ba sai kowa ya ji ba," ta ce cikin kuka. "Ai gawon yana ƙara madara, ko da kaɗan ne. A bari a yi bikin, a sa sunan. In ya so daga baya..."

"Daga baya wani yaro a Kenya yana can yana zagin ma'auninsa saboda ni. Wata kamar ki tana can ba ta barci." Ya girgiza kai. "Kashi ɗaya cikin goma ba kaɗan ba ne ga mai saniya biyu. Amma a faɗa masa ɗaya cikin goman, kada a yi masa alkawarin rabi."

"To ni dai ban gane ba," in ji Inna Delu. "An kama ɓarauniyar ko ba a kama ba? Madarata na tsinkewa."

Farfesa Ari ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya kakkaɓe jallabiyarsa, ya miƙa wa Zuliha kayen da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Ya dubi Mahamud da ke dafe da haƙarƙari, ya dubi tsohuwar, sa'an nan ya ɗaga murya kamar yana gaban aji.

"Ku shaida. Yau zan sa hannu a kundin Zuliha, da lambarta, ba tawa ba. Gobe zan rubuta wa mujallar da ta buga takardata in ce na yi kuskure, in faɗi inda yake, a buga gyaran da sunanta a gaba, na Delu a biye, nawa a ƙarshe. Ranar bikin kuma, kafin a yaye ƙyallen da ke kan allon sunan, da bakina zan karanta wa jama'a shi. In sun ga dama bayan nan su bar sunan a bango, in sun ga dama su cire. Kai kuma baduku, je ka fito da takalman nan, ni ne waliyyin da zai tsaya a sa ranar da ba za a sake ɗagawa ba."